Zaɓen Gurabe Wajen Jeranta Bayani A Kwamfuta, Da Misali Daga Ruwan Bago

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aika wani da saƙo ya san ba dukan abin da ke cikinsa ya kan faɗa wa ɗan aiken ba. Ya kan zaɓi abin da ya ke so a kai, ya jera shi daki-daki yadda ɗan aiken zai iya riƙewa, saura kuwa ya bar wa cikinsa. In ya rage abin da bai kamata a rage ba, saƙo ya lalace. In kuwa ya ƙara abin da bai kamata a ƙara ba, asirinsa ya fita kasuwa. To, wannan matsala da iyayenmu suka sani tun kafin takarda ta yawaita, ita ce a yau ta ke gaban masu tsara manhajar kwamfuta.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa mai karatu, ko da bai taɓa rubuta manhaja ba, yadda a ke zaɓen abin da kwamfuta za ta aika da abin da za ta riƙe. Na ɗauki misalina daga Ruwan Bago, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Rogo, a ƙasar Karaye, yammacin Jihar Kano. Dalili kuwa shi ne, bayanin mutanen ƙauye ya daɗe da fara tafiya ta cikin waya. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a arewacin Nijeriya, wanda ya taimaka har aka tabbatar ran 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ma'aikata sun yi ta tattara bayani da wayar hannu, da manhajoji irin su ODK wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008. Watau abin da za mu tattauna ya shafi uwar da ta miƙa ɗanta a ƙofar gida, ko da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba.

2. Ƙunshi, gurbi da jerantawa

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku da zan yi amfani da su.

A ce ma'aikaciyar lafiya ta rubuta wata yarinya a Ruwan Bago cikin wayarta. Manhajar ta kan tara dukan abin da ya shafi yarinyar wuri ɗaya, kamar yadda mace ke ƙunshe kayanta cikin ɗankwali. Wannan shi zan kira ƙunshi. A cikin ƙunshin akwai wurare dabam-dabam, kowane da sunansa da abin da a ke sawa a ciki: wurin suna, wurin ranar haihuwa, wurin sunan uwa, wurin lambar wayar mai gida, wurin adadin alluran da aka yi. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ne gurbi.

Muddin ƙunshi yana cikin ƙwaƙwalwar waya, ba a jere ya ke ba. Sassansa a warwatse su ke, wannan yana nuni ga wancan. Amma in za a ajiye shi, ko za a aika shi Rogo ko Kano, tilas a warware shi, a mai da shi layi guda na haruffa, wani na bin wani. Wannan aiki shi zan kira jerantawa. In ya isa, sai kwamfutar da ta karɓa ta karanta layin, ta sake ƙulla ƙunshin.

Mai nazarin harshe ba zai ga wannan baƙon abu ba. Ferdinand de Saussure, wanda aka buga laccocinsa a 1916, ya nuna cewa magana a layi ta ke tafiya, sauti na bin sauti, ko da ya ke abin da mutum ke nufi a dunƙule ya ke a zuciyarsa. Duk mai magana jerantawa ya ke yi.

Tsarin jerantawa da ya fi yaɗuwa a intanet shi ne JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, aka kuma fitar da ƙa'idarsa a rubuce a 2006. Ga yadda ƙunshin yarinyar zai iya zama a cikinsa:

{"suna": "Wance", "uwa": "Wance", "jinsi": "mace", "haihuwa": "2024-03-09", "mazaɓa": "Ruwan Bago", "allurai": 2}

Tambayar wannan takarda ita ce: cikin waɗannan gurabe, wanne zai shiga layi, wanne za a bari, kuma wa ke yanke shawara?

3. Darasi daga rubutun Hausa

Mu da ke rubuta Hausa mun riga mun fuskanci wannan tambaya. Kowace gaɓa ta Hausa tana da gurabe aƙalla huɗu: baƙi, wasali, tsawon wasali da karin sauti. Rubutun boko na yau da kullum ya ɗauki biyu na farko, ya bar biyu na ƙarshe. Saboda haka gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, alhali tsawon wasalin farko ya raba su. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya, waɗanda karin sauti ya raba. Ajami ya kan nuna tsawon wasali da alif da wau da ya, amma ya bar karin sauti. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 kuwa sun nuna duka biyun, domin an yi su ne har da baƙon da ba zai iya cike gurbin da kansa ba.

Abubuwa biyu za mu koya a nan. Na farko, abin da a ke sawa a layi ya danganta ga mai karɓa: Bahaushe na iya maido da karin sauti daga ma'anar jimla, baƙo ba ya iyawa. Na biyu, kowane ragi yana da farashi. In aka rubuta "ya zo" ba tare da abin da ke gaba da baya ba, ba mai iya sanin ko labari a ke bayarwa cewa mutumin ya riga ya iso, ko kuwa umurni a ke yi cewa a bar shi ya taho. Baki ya bambanta su, alƙalami bai bambanta ba.

4. Gurabe iri uku da a kan bari

A wajen kwamfuta, guraben da a kan bari iri uku ne.

Na ɗaya, waɗanda ba su da ma'ana in sun bar gida. Manhaja ta kan riƙe alamar wani fayil da ta buɗe, ko hanyar sadarwa da ta ƙulla a wannan lokaci. Aika irin wannan kamar mutum ne ya aika wa ɗan'uwansa na Zariya mabuɗin ɗakinsa na Rogo.

Na biyu, waɗanda mai karɓa zai iya lissafa wa kansa. In an aika ranar haihuwa, ba a bukatar aika shekarun yarinya. Hasali ma aika su ɓarna ce, gama ranar haihuwa ba ta sauyawa, shekaru kuwa baɗi sun zama ƙarya. Waɗannan su ne takwarorin karin sauti ga Bahaushe.

Na uku, waɗanda bai halatta su fita ba, kamar kalmar sirri, da lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, da irin ciwon da mutum ke fama da shi. Kuskure a iri biyun farko ana iya gyarawa. Kuskure a na uku kuwa, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika lura da shi ba. Ƙunshin yarinya ya kan yi nuni ga ƙunshin uwarta, na uwar kuma ga na mai gida. In ba a tsai da iyaka ba, sai a je aika bayanin yarinya ɗaya, na dukan gida ya biyo baya. In kuma ƙunshin uwa yana nuni ga na ɗiya, na ɗiya yana nuni ga na uwa, jerantawa ta zama zagaye marar ƙarshe, shi ya sa a harshen JavaScript manhaja ta kan tsaya ta ba da sanarwar kuskure.

5. Jerin hani da jerin izini

Hanyoyin zaɓen gurabe biyu ne, sauran duk rassansu ne.

Hanya ta farko ita ce a ce wa kwamfuta ta aika kome, ban da kaza da kaza. Wannan shi ne jerin hani. A harshen Java, wanda ya sami tsarin jerantawa nasa a 1997, a kan sa kalmar transient a gaban gurbi, watau mai wucewa, sai a tsallake shi. A ɗakin karatun manhaja mai suna Jackson kuma a kan yi wa gurbi alamar JsonIgnore.

Hanya ta biyu ita ce a ce wa kwamfuta kada ta aika kome, sai kaza da kaza. Wannan shi ne jerin izini. A JavaScript, umurnin JSON.stringify yana karɓar jerin sunayen gurabe, ya fitar da su kaɗai. A Gson ta kamfanin Google ana iya saita ta yadda ba gurbin da zai fita sai wanda aka yi wa alamar Expose. A Django REST Framework ta harshen Python an wajabta wa mai tsarawa ya faɗi zaɓinsa a fili, ko ya lissafa abin da zai fita, ko abin da za a cire, ko ya ce duka, kuma masu ita sun ba da shawarar a lissafa abin da zai fita.

A ranar da aka rubuta manhaja, hanyoyin nan biyu sakamakonsu ɗaya ne. Bambancinsu sai an kwana biyu ya ke fitowa. A ce bayan shekara guda an bukaci a riƙa rubuta ko uwar yarinya tana da wani ciwo da ke bukatar kulawa, sai wani ma'aikaci ya ƙara sabon gurbi. Bai san akwai jerin hani a wani wuri ba, ko kuwa ya manta. To, sabon gurbin zai bi sauran ya fita, ba wanda zai sani, domin manhaja tana aiki lafiya lau. In da jerin izini aka bi, sabon gurbin zai tsaya a gida, mai bukatarsa ya yi ƙorafi bai gan shi ba, a duba, a yanke shawara. Mantuwa a jerin izini ta kan tona kanta cikin kwana ɗaya, mantuwa a jerin hani kuwa ta kan ɓuya sai ɓarna ta auku. Dogarin da aka ba sunayen waɗanda za su shiga ya fi tsare ƙofa bisa ga wanda aka ba sunayen waɗanda za a kora, gama baƙon da ba a san da shi ba, na farko zai tsai da shi, na biyu zai buɗe masa.

Sa'an nan kada a ɗauka alama ɗaya tana aiki ko'ina. Gson tana girmama kalmar transient. Jackson kuwa, in ba an saita ta ba, tana iya fitar da gurbin duk da kalmar, muddin akwai umurnin fili na karanta shi. Saboda haka mai hankali ba ya dogara ga alamar da ya sa, sai ya buɗe layin da ya fita ya karanta da idonsa.

6. Kowane mai karɓa da nasa rabo

Ƙunshi ɗaya ya kan sami masu karɓa da yawa, kuma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Wannan ma ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. A zamanin En'e, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, mai unguwa da dagaci su suka san masu biya mutum-mutum, domin su ke karɓa. Abin da Baitulmali na Kano ya fi bukata shi ne jimlar abin da ya fito daga kowace gunduma. Gwargwadon nisan bayani daga gida, gwargwadon raguwar gurabensa.

Haka tsarin lafiya na Nijeriya ya ke a yau. Rajistar asibiti tana ɗauke da sunaye, amma takardar taƙaitawa ta wata-wata alƙaluma ce, ita ce kuma a ke shigarwa cikin manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita. Ma'aikaciyar Ruwan Bago tana bukatar suna da gida, domin ita za ta koma ta nemi yarinyar ranar allura ta gaba. Jami'in Rogo yana bukatar sanin unguwar da aka bari a baya. Mai tsara kasafi a Kano ko Abuja adadi ya ishe shi. Layin da ya dace da shi bai wuce wannan ba:

{"mazaɓa": "Ruwan Bago", "shekara": 2024, "allurai": 2}

Masu manhaja su kan yi wannan ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai a yi wa kowane gurbi alamar waɗanda aka yarda su gan shi, kamar alamar JsonView ta Jackson, ko kuwa a ƙera wani ƙaramin ƙunshi na musamman ga kowane mai karɓa, a kwafa masa abin da ya ke bukata kaɗai. Ta biyun ta fi wahala, amma ta fi aminci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a aika ƙunshi ɗungum, a bar wa fuskar waya ta ɓoye abin da ba a so a gani. Wannan kamar a rufe ƙwarya da faifai ne a miƙa wa baƙo, a ce kada ya buɗe. Ƙungiyar OWASP, mai nazarin tsaron manhaja, ta sa wannan kuskure a matsayi na 3 cikin manyan haɗura 10 da ta lissafa a 2019 game da hanyoyin da manhajoji ke musayar bayani.

Har ila yau, cire suna kaɗai bai isa ba. Latanya Sweeney ta nuna a 2000 cewa kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ana iya ware kowannensu da gurabe uku kawai: lambar yankin gidan waya, jinsi da ranar haihuwa. In haka ne a babbar ƙasa, ina ga unguwar da kowa ya san ranar sunan kowa? Shi ya sa a misalin da ke sama na mai da ranar haihuwa shekara, na kuma cire jinsi.

7. Ƙofar shiga

Duk abin da muka faɗa game da fita, ya shafi shiga. Kwamfutar da ke karɓar layi tana sake ƙulla ƙunshi, kuma in ta karɓi duk gurbin da aka turo mata, mugu zai iya cusa wanda ba a tambaye shi ba. A watan Maris 2012 wani mai tsara manhaja ɗan Rasha ya nuna wannan a dandalin GitHub: ya ƙara gurbi guda a saƙon da ya aika, sai ga shi da ikon rubutu a taskar manhajar Ruby on Rails, wadda ba tasa ba. A fitowar Rails ta 4, a 2013, an mai da lissafa guraben da aka yarda a karɓa ya zama ƙa'ida. A misalinmu, wayar ma'aikaciya tana da izinin turo adadin allurai, amma gurbin da ke cewa mai duba aiki ya tabbatar, ba daga wajenta ya kamata a karɓe shi ba. Ashe jeri biyu a ke bukata, na fita dabam, na shiga dabam.

8. Sifiri da babu

Kada mai karatu ya zaci ragi kullum alheri ne. A Java, gurbin da aka tsallake ba ya ɓacewa in an sake ƙulla ƙunshi, dawowa ya ke yi da abin da harshen ya tanada: in na lissafi ne ya dawo da sifiri, in na i ko a'a ne ya dawo da a'a. To, a ce gurbin allurai ne aka tsallake bisa kuskure. Kwamfutar Kano za ta ga sifiri, ta lissafa yarinyar cikin waɗanda ba a taɓa yi wa allura ba, alhali an yi mata biyu. In kuwa gurbin da ke tambaya ko yaro na bukatar a koma masa ne aka tsallake, zai dawo da a'a, ba wanda zai koma. "An tambaya, ba ta da ko ɗaya" magana ce dabam da "ba a faɗa ba", kuma wajibi ne mai tsara manhaja ya tanadi hanyar raba su. Wannan ita ce matsalar "ya zo" da muka gani a baya, sai dai kwamfuta ba ta da kunnen Bahaushe da za ta gane abin da a ke nufi.

9. Kammalawa

Doka ma ta shigo cikin zancen. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta shar'anta kada a sarrafa bayanin mutum fiye da gwargwadon abin da manufar ke bukata. Ta ware bayanin lafiya cikin waɗanda a ke ba kulawa ta musamman, ta kuma nemi yardar iyaye ko waliyyi a kan bayanin yara, ban da inda ita kanta ta yi togaciya. Jerin izini shi ne wurin da wannan sharaɗi ke sauka daga takarda ya zama aiki.

Abin da za a riƙe dai shi ne, in mai tsarawa bai zaɓi gurabe ba, manhaja za ta zaɓa masa, kuma yawancinsu zaɓinsu shi ne su aika duk abin da suka samu. Saboda haka a kan kowane gurbi sai a yi tambaya uku: wa zai karɓa, me zai yi da shi, kuma me zai fahimta in bai gan shi ba? Masu nazarin Hausa suna da nasu aiki a nan, domin takardar neman yarda da a ke karanta wa uwa a ƙofar gida da Hausa a ke karanta ta. In aka ce mata za a kai bayanin ɗiyarta Kano, haƙƙinta ne a gaya mata, da kalmomin da ta sani, ko da sunan za a kai ko adadi kawai. Kalmomi ukun da na kawo, ƙunshi da gurbi da jerantawa, shawara ce na gabatar, in abokan aiki suna da waɗanda suka fi su dacewa, sai su kawo a duba.